Ƙaurar Murya

"Riƙe min wannan wayar, 'yata, hannuna ya fara yi min gardama."

Na ajiye kwanon da na kawo masa, na riƙe. Baba Injiniya, maƙwabcinmu, yana kishingiɗe a gado, an jawo masa tebur kusa. A kai akwai 'yar kwamfutar da ya haɗa da kansa, ba ta fi tafin hannu ba, ko murfi babu.

Tun da idon matarsa ya tafi, na'urar nan ce ke karanta mata saƙonnin 'ya'yanta. Sai dai babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa, kullum sai ta ƙame. Ya sa mata sabuwa, amma laburaren, wato ɓangaren manhaja da ke mayar da rubutu magana, wanda wasu suka rubuta suka bar wa kowa, ya ƙi aiki a cikinta.

"Ƙaura ce kawai," in ji shi. "Kayan ba su canza ba, gidan ne daban. Sai na bi da shi ɗaki-ɗaki ina nuna masa ƙofa."

"Likita fa ya ce ka huta, Baba."

"Likita ya san nasa, na san nawa."

Mama, matar tasa, ta yi dariya daga bakin ƙofa. "Ƙyale shi. Wayoyin nan kaɗai yake ji wa magana."

Kullum na leƙo, ya ƙara ramewa, jan rubutun da ke nuna kuskure a allon kuma ya ragu. Da yatsunsa suka gaza, ni na riƙa danna masa haruffan yana faɗa. Ban taɓa ganin shakka a fuskarsa ba.

Wata la'asar na'urar ta yi magana, da sauri kamar ana korarta. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya rage mata gudu, ya sa na ɗora aikin a intanet don masu irin na'urar.

"To, uwar gida, kin samu mai karanta miki," ya ce.

Mama ta matso kusa da gadon. Ta laluba ta kama ƙafarsa.

Bai ƙara mako ba. Da hantsi ya cika, taga a buɗe.

Da mutane suka watse na shiga share ɗakin. Na tarar da Mama zaune a gefen gadon da aka naɗe shimfiɗarsa, na'urar a cinyarta, tana sauraron saƙon wani baƙo daga nesa da ke gode wa Baba, wai mahaifinsa ma ya samu mai karanta masa. Na jingine tsintsiyar. Rana ta sauko kan hannuwanta.