Kujerar Baya

Maza iri biyu ne a duniya, babu na uku: akwai mai riƙe kan babur, akwai mai riƙe ƙugun wanda ya riƙe kan babur. Duk sauran bambance-bambancen da ake ta hayaniya a kansu, na ilimi ne ko na muƙami ko na dukiya, rassan wannan ne kawai.

Baba Safiyo ne ya gano wannan gaskiya, ya kuma shekara talatin yana raba ta kyauta. Yana cikin sake bayyana ta ga mai askin layinsu da safiyar wata Asabar, a ƙofar ɗakin ajiyar da ya mayar wurin gyara, sai ga motar surukinsa ta tsaya. Autar Baba ce ta fara fitowa, tun ba ta rufe ƙofa ba take kira.

"Baba, albishirinka! An samu!"

"An samu me?"

Mijinta ya biyo ta riƙe da ɗan kwali da hannu biyu. Ya durƙusa, ya gaishe da Baba, ya tambayi gwiwa, ya tambayi Mama, sannan ya miƙa kwalin.

"Kafireton nan ne, Baba. Na asali. Ko ledarsa ba a taɓa buɗewa ba."

Baba Safiyo ya karɓa, ya ce, "Madalla," da irin muryar da ake karɓar sakamakon asibiti.

Babur ɗin yana tsaye a tsakiyar ɗakin, kamar yadda ya shekara shida yana tsaye. Tsohon babur ne na shiga daji, mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu haƙora, madigadinsa na gaba can sama, salansarsa a ɗage don ƙetare ruwa. Irinsa ofishin safiyo ya riƙa ba ma'aikatansa a da, lokacin da Baba yake yawon auna ƙasa. Ya tsinto gawarsa a bayan wani gareji, kaji suna ƙwai a inda batir yake zama. Ya wargaza shi ƙusa-ƙusa, ya zuba kowace a gwangwanin madara mai lamba, ya wanke da kananzir, ya goge tsatsa da sanfefa har zanen yatsunsa ya shafe. Ya sake ɗaure wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi wa tanki fenti sau huɗu kafin jan ya yi masa. Duk bakaniken da ya leƙo sai ya fita yana kaɗa kai, don aiki dai an yi shi.

Abu ɗaya ya rage, kafireto, wanda yake haɗa mai da iska ya ba injin. Na jikinsa ya tsage, kamfanin kuma ya daina yin irinsa tun kafin a haifi Auta. Baba ya ce shi ba zai sa wa babur ɗinsa na wani babur ba, kuma ya rantse a gaban shaidu cewa ranar da aka samu na asali, a ranar zai hau ya zagaya dutsen da ke bayan gari ya dawo kafin abincin rana ya huce. Shekara uku yana wannan rantsuwa da kwanciyar hankali, don ya bincika da kansa ya tabbatar ba a samu.

Dalilin kwanciyar hankalin kuwa shi ne Baba Safiyo bai taɓa tuƙa babur ba. Koguna bakwai ɗin da yake ba da labari ya ƙetare su, ba ƙarya. Gangaren da ya sauka da daddare babu fitila, ya sauka. Sai dai duk a baya yake, da akwatin na'urar awo ɗaure a gadon bayansa, hannuwansa biyu a ƙugun Dogo, direban ofishin. Farkon ba da labarin yana cewa "muka", da Dogo ya rasu sai "muka" ta rame ta koma "na", babu wanda ya ƙi. Akwai ma hoto a bango, Baba da ƙuruciyarsa shi kaɗai a kan babur yana hararar nesa. Dogo ne ya ɗauka, katakon hoton kuma ya rufe jak ɗin da babur yake tsaye a kai. Daga baya Baba ya so ya koya, amma mutumin da ya ƙetare koguna bakwai ba shi da filin da zai je ya faɗi a gaban jama'a.

"Wata takwas yana nema," in ji Auta. "Har shagon wani tsoho da ya rufe shekara ashirin ya je, ya sa aka fasa kwaɗo. Ni na ce masa ko don Baba ya daina rantsuwa."

"Ai ba wani abu ba ne," in ji surukin, idonsa a ƙasa.

Surukin nan shagon kayan babur gare shi a bakin kasuwa, kuma abu ɗaya aka san shi da shi, ba ya sayar da jabu. Yana da tsada, ba ya ragi, ba ya hira, amma abin da ya ba ka shi ne. Lokacin da ya zo neman Auta wannan hali ne ya burge Baba. Bai taɓa zaton wata rana halin zai juyo kansa ba.

Mai aski ya riga ya tafi kai labari. Kafin Baba ya gama yanke ledar, tela ya rufe shago ya zo da kujerarsa, direban bas mai ritaya ya zo da sandarsa, wani mai kai saƙo a babur, wanda kullum a shagon surukin yake sayayya, ya jingine nasa ya tsaya kallo. Mama ta fito daga cikin gida, ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu da gefen zane. Ita kaɗai ce a wurin ta san Dogo, don a bayansa aka riƙa kawo mata Baba zance. Shekara talatin ba ta ce komai ba, yau ma ba ta ce ba. Ta dai tambaya, "Malam, a ɗora abincin ko a jira ka dawo?"

"Ɗora," in ji Baba.

Ya duba kafireton ta kowace fuska yana neman aibi. Ya hura, ya ɗaga shi ga haske, ya auna bakinsa. Babu. Ya ɗaura shi a hankali, yana fatan ko zaren ƙusa ɗaya ya ci, amma kowace ta shige kamar da ma jiransa take. Hannuwansa sun ƙi yin aikin banza ko da ya roƙe su. Surukin yana tsugune a gefe yana miƙa masa sipana kafin ya tambaya.

"Baba, ashe kujerar ma kai ka ɗinka?"

"Da hannuna."

Surukin ya danna gaban kujerar da yatsa, ya ji tauri kamar benci. Ya danna bayan, yatsan ya nutse. Soso hawa uku ne a wurin, an ɗan ɗaga ƙarshensa yadda zai tare ƙugu. Matakan ƙafa na baya an faɗaɗa su an sa musu roba, an kuma ja su baya kaɗan. Akwai maƙalin hannu da aka lanƙwasa aka naɗe da fata, ga wani ƙarfe da ya kare salansa daidai inda take ƙona ƙaurin fasinja.

"Ba haka kamfani ya yi shi ba," in ji surukin.

"Kamfani bai san komai ba. Ka yi awa shida a wurin nan a kan duwatsu, ka sauka ka ga ko za ka iya miƙewa." Baba ya ji abin da ya faɗa, ya ƙara da sauri, "Haka masu zama a baya suke gaya mini."

"Haka ne, Baba," in ji surukin.

Aka turo babur waje, aka zuba mai. Layin ya miƙe zuwa wata kwana, a kwanar akwai kwalbati mai zurfi wadda Baba ya shekara ashirin yana wucewa bai taɓa lura da faɗinta ba sai yau. Ya sa hular kwano, ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya haye. Ya buɗe makunnin mai da ke ƙarƙashin tanki. A takarda ya san komai: kuloci a hagu, giya a ƙafa, a saki a hankali. Ya san su kamar yadda mai karanta littafin iyo ya san ruwa.

Sauran fatansa ɗaya, injin da ya yi shekara arba'in yana barci ba ya tashi a rana guda. Ya taka kik. Injin ya yi tari. Ya sake takawa, babur ya kama da wata ƙara mai tsabta, daidai, ba gargada, har tela ya miƙe tsaye yana tafi. Aikin shekara shida ya ci amanarsa.

"Saura dutse!" in ji direba mai ritaya yana buga sanda a ƙasa. "Safiyo, a gaishe mana da kogi na takwas!"

Ƙarar ta hau ta cinyoyinsa ta shiga ƙirjinsa, ita ce dai ta da, ba ta canza ba. Jikinsa kuwa ya tuna abin da ya saba yi in ya ji ta. Ya zame baya kan soso mai laushi, hannuwansa suka saki kan babur suka miƙa gaba, a buɗe, daidai faɗin ƙugun mutum. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba ya mayar da su, ya yi kamar hannun riga yake gyarawa. Jama'a suna kallon hayaƙin salansa. Mama ta kalli ƙasa. Surukin kuwa yana kallonsa.

"Baba, dakata kaɗan, kamar ina jin wani abu."

Ya tsuguna ta hagu, ya kara kunne kusa da injin, ya sa hannu ƙarƙashin tanki kamar mai taɓa waya, ya miƙe ya ja da baya. Babur ya ci gaba da kaɗawa. Baba ya matse kuloci, ya kalli kwalbati, ya fara karanta abin da ya zo bakinsa. Sai injin ya yi shaƙuwa, ya sake yi, ya ja wani dogon numfashi ya mutu.

Baba ya taka kik. Shiru. Ya sake, ya sake, har sau tara, kowane taku yana jin ƙarfinsa yana dawowa. A na goma ya leƙa ƙasa ya ga makunnin mai a kwance, a rufe. Shi da hannunsa ya buɗe shi ɗazu. Ya ɗago ya dubi surukinsa, surukin yana duban takalmansa.

"A duba mai mana," in ji mai kai saƙo, ya matso.

"Kada wanda ya taɓa mini babur!" Baba ya buɗe murfin tanki ya girgiza, kowa ya ji mai yana motsi. Ya zaro tsumma daga aljihu ya goge gumi, ya rataye shi a kan makunnin. Wata iska mai daɗi ta ratsa shi tun daga wuya har tafin ƙafa, rabonsa da jin irinta tun ranar da aka ce masa ƙarin da ke wuyansa ba komai ba ne. Amma jama'a suna jiran bayani, injin kuma ba ya mutuwa haka kawai, sai an sami mai laifi. Wayoyi nasa ne, fulogi nasa, injin nasa. Abu ɗaya ne a jikin babur ɗin ba aikinsa ba.

"Wannan kafireton," in ji Baba a hankali, ya tsaya. Ya bar ƙofa a buɗe ko yaron zai kare kansa.

"Ina jin daga shi ne, Baba," in ji surukin. "A yi haƙuri. Ban duba da kyau ba."

"Jabu ke nan?" in ji mai aski, da murnar wanda ya sami labarin mako guda. "Daga shagonka?"

"Kowa yana kuskure," in ji Baba, da ya ga hanya ta buɗe sai ya shige da ƙarfinsa. "Yaran yanzu kwali suke dubawa. Mu da muka yi daji, da kunne muke gane kaya. Tun takun farko na ji ƙarar ba ta cika ba, na yi shiru ne don kada in kunyata shi."

"Wata takwas!" in ji Auta, ta juya kan mijinta. "Ka sa na tara wa Baba mutane a kan jabu? Wallahi ka ba ni kunya." Ta shige gida, Mama ta bi ta tana cewa a zo a ci abinci tun da Allah ya sa kowa yana nan.

Jama'a suka watse suna ta'aziyya. Baba da surukin suka tura babur ciki. Baba ya kwance kafireton, ya goge shi tas, ya mayar a leda da kwali, ya miƙa ba tare da ya ɗago ba.

"Zan sake nema, Baba," in ji surukin. "Sai dai irinsa yana da wuya. Zai iya ɗaukar shekaru."

"Kada ka gaggauta. Aikin gaggawa ba ya kyau."

"To, Baba."

Da ya fita, Baba Safiyo ya cire hular kwano ya rataye, ya buɗe makunnin mai ya sake rufewa, ya haye kujerar baya ya jingina. Soson ya karɓe shi daidai. Aiki dai an yi shi.

Ta taga ya jiyo mai kai saƙo ya tare surukin a bakin mota.

"Maigida, ba don komai ba, sarƙar nan da na saya a wurinka wancan makon. Ita ma ɗin...?"

 Aka buɗe bayan mota, aka ajiye kwali, aka rufe.

"Kawo ta Litinin," in ji surukin. "Sai in canza maka."