Fitilu Huɗu a Hannun Gem

Sau uku Mas'udu ya yi sallama a bakin shagon Ganiyu mai gyaran waya, ba amsa. Mutumin na zaune kan kujerarsa, ya duƙufa kan tebur, goshinsa dab da katako, kamar yadda Mas'udu ya gan shi da hantsi. A gabansa akwai pad, wato hannun gem, an buɗe bayansa, wasu 'yan fitilu huɗu na ci a ciki.

Sherifa, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a gefen shagon, ta leƙo tana goge hannu da zane. "Baba Mas'udu, ƙyale shi. Ka san halinshi. Tun ƙarfe tara na ajiye mai abinci, bai taɓa ba kuraa, ko loma ɗaya."

Kaf layin nan na unguwar Maamobi ba wanda bai san dokar Ganiyu ba. In ya ɗauki ƙarfen narka dalma ya sunkuya kan wayoyin nan sirara kamar gashi, to ko liman ne ya zo sai ya jira. Ya taɓa korar wani babban mutum don kawai ya yi tari a kansa. Shi ya sa Mas'udu da ya zo ƙarfe goma ya hango shi a sunkuye, fitilu na ci, sai ya juya. Gaskiya ma daɗi ya ji, don ya samu dalilin ƙara jan maganar da ta kawo shi.

Kwana goma sha takwas ke nan ba sa magana. Mas'udu tsohon direban motar haya ta trotro ne, da furfurarsa ya koyi buga ƙwallo a gem, shi ya sa har yau sai ya kalli maɓalli kafin ya danna. Kullum bayan la'asar shi da Ganiyu sukan kara a shagon, jama'a na kallo suna tsiya. Ran nan sau uku yana danna maɓallin da ba shi ba a gaban raga, sai Ganiyu ya ce a bainar jama'a, "Chale, abokina, idonka ya tafi. Je ka ga dokita." Aka yi dariya. Mas'udu ya buga pad ɗinsa da ƙasa ya fita, bai ko waiwayo ba. Jiya kuwa likita ya tabbatar masa cewa yanar ido ce ta fara rufe idanun duka biyun. Ya zo ya faɗi hakan ne, ya kuma ba da haƙuri, in bakinsa ya yarda.

Yanzu ga azahar ta gabato. Mas'udu ya shaƙi wani ƙauri, ya matsa ya duba. Bakin ƙarfen dalmar ya zame daga mazauninsa, ya ci katakon tebur har ya yi baƙin rami. Ganiyu, wanda ko ɗigon dalma ba ya bari a teburinsa.

Ya taɓa kafaɗarsa. Kan ya gangara gefe, tabarau ya faɗi ƙasa.

"Sherifa," in ji shi. "Zo ki gani."

Ta shigo, ta kalli fuskar, ta ja da baya har ta ture kwanon waakyen. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, hannunshi ya yi sanyi paa. Tun yaushe?" Ta dafe ƙirji. "Sau huɗu na leƙo. Na ga wuta yana ci, na ce yana aiki ne."

Mai aski ma ya leƙa ɗazu. Matar da ta kawo wayarta gyara ta tsaya minti goma tana jira cikin ladabi, ta tafi. Layi guda sun yi ta wucewa a hankali, suna rage murya don kada su dami gawa.

A asibitin da Ganiyu ke karɓar maganin hawan jini, likita ya ce zuciya ce, kuma ya kai awa uku da cikawa. Mas'udu ya lissafa a ransa, ya zauna a kan benci. Ƙarfe goma ke nan, ko kusa da haka. Wataƙila da sauran numfashi lokacin da ya tsaya a bakin ƙofa yana murnar samun uzuri. Wataƙila ya riga ya tafi. Ba mai iya gaya masa.

Bayan la'asar, daidai lokacin da suke kara wasa, aka sallaci Ganiyu. Da liman ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa, Mas'udu ya sunkuyar da kai. Shi ba yafewa ya zo yi ba, nema ya zo yi, mai bayarwar kuma ga shi a cikin likkafani.

Da suka dawo daga maƙabarta, ya tarar Sherifa na rufe shagon. Ta miƙo masa pad ɗin, fitilun na nan suna ci.

"Naka ne, Baba."

Ya juya shi. Ga tsagar da ya yi ran da ya buga shi da ƙasa, an liƙe ta tsaf. An fasa ƙarƙashin kowane maɓalli an dasa ƙwayar fitilar LED, ƙarama kamar ƙwayar shinkafa: kore, ja, shuɗi, da fari.

"Sati biyu yana kanshi," in ji Sherifa. "Har kasuwar Tudu ya je neman fitilun, ya ce sai masu haske sosai. Ya ce tsohon nan taurin kai zai kashe shi, ba zai je dokita ba, bari in sa mai wuta ya ga abin da yake dannawa. Jiya ya nuna min, ya ce ya haɗa wayar kai tsaye da batir don gwaji, saura ya sa makunni. Ya ce in ka zo kada in gaya maka."

"Ya ce zan zo?"

"Ya ce za ka zo mana. Ya ce kai ba ka iya fushi ya wuce kwana ashirin."

Mas'udu ya zauna a kan kujerarsa ta kullum a bakin shagon. Ya danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya danna na tsakiya ya riƙe, fitilun ba su mutu ba. Shekara guda rabon da ya ga maɓallan nan tar haka. Hawaye ya zubo masa, bai share ba.

Ana shirin kiran magariba shuɗiyar fitilar ta fara dusashewa. Ya ɗaga kai.

"Sherifa, kada ki sa kwaɗon tukuna. Ina yake ajiye wayar caji?"

Ta shiga ta lalubo masa. Ya jona, ya ɗora pad ɗin a kan teburin, kusa da baƙin ramin da ƙarfen ya ƙona, ya zauna yana kallon shuɗiyar tana dawowa.