Wanda Ba Ya Ƙanshin Komai

Tun da mijinta ya rasu, matar kafinta ba ta taɓa shimfiɗar akurkin kajinsa ba. Tana zuba musu abinci, tana sauya musu ruwa, ta rufe ƙofa ta koma ɗaki. Ba kuka take yi ba. Kukan ma ya ƙi zuwa, sai wani shiru da ya zauna mata a ƙirji.

Shi ne mai kajin. Kullum idan ya taso daga shago yana dawowa da ɓawon katako a buhu, irin nannaɗaɗɗen nan da ke zuba idan ana goge katako da hannu. Dusar katako ta inji kuwa bai yarda da ita ba, wai 'yan tsaki na tsattsage ta ta toshe musu ciki. Wanda ke cikin akurkin yanzu shi ne na ƙarshe da hannunsa ya goge.

Ruwan sama ya yi ta zuwa, shimfiɗar ta jiƙe ta dunƙule, wari ya cika bayan gida. Kajin suka fara tari, ƙafafunsu suka kumbura. Ran da aka wayi gari wata jar kaza ta mutu, 'yarta ta tsaya a bakin akurkin tana toshe hanci.

"Umma, wallahi ɗaya bayan ɗaya za su ƙare. Ki bari in kwashe ɓawon nan."

"Bar shi."

"To kajin Baba kike so, ko sharar Baba?"

Yarinyar ta gado bakin ubanta, ba a raba ta da gatsali. Uwar ta ɗauki mayafi ta fita.

Mai sayar da kayan kaji ya kwance mata bakin buhuna. Mutum ne mai surutu, da kaza na jin magana da ita ma ya sayar mata.

"Ga buntun shinkafa, Mama, ga ɓawon gyaɗa. Amma idan shawarata za ki bi, ga sarkinsu." Ya jawo buhun ɓawon katako. "Yana shan danshi, ba ya saurin wari. Taɓa ki ji."

Ta tura hannu ciki har wuyan hannu. Ƙanshin ya taso, ƙanshin rigar mijinta da ta saba wankewa duk ƙarshen mako, ƙanshin matashin da ke gefenta. Ta daɗe a sunkuye, har mai shagon ya yi shiru don kansa.

"Wanne ne ba ya ƙanshin komai?" ta tambaya.

"Komai-komai? Sai buntu. Amma bai kai wannan ba."

"Ba ni shi."

A gida ta hana 'yar sa hannu. Ta kori kajin waje, ta kankare ƙasan akurkin da shebur, ta cika tsohon buhu da baƙar shimfiɗar. Babu sauran ƙanshi a cikinta, kashin kaji ne kawai da ruɓa. Ta jira ƙasa ta sha iska, ta baza buntun da kauri.

Kaji dai ba su da kara. Suka shiga suna tono suna birgima, ko waiwayen buhun ba su yi ba. Ta tsaya tana kallonsu, ta rasa haushi za ta ji ko daɗi, a ƙarshe ba ta ji ko ɗaya ba.

'Yar ta kawo mata ruwa da sabulu, ta wanke hannu yadda ta saba, har tsakanin yatsu. Sai da ta zauna a bakin gado ta tuna buhun ɓawon da ta tura hannu a ciki a shago. Da sauri ta kai hannun damanta hanci, ta shaƙa, ta sake shaƙa.

Sabulu kawai ta ji.