Na Bi Layin Maza

Wata bakwai ban sa Halima Sa'adiya a idona ba. 'Yata ce ta fari. Ta gama karatun likita, aka tura ta wani asibitin gwamnati a birni ta yi shekarar koyon aiki. Da Ƙaramar Sallah ba ta zo gida ba, da Babba ma haka. Uwarta Furera kullum tana bakin zaure tana kallon hanyar Gwarzo. Ni ban iya zaman kallon hanya ba. Wata Talata na bar gyaɗa a gona, na hau mota daga Kutama.

Mai gadi ya ce ba a ganin likita sai da kati. Na ce a yanka min. Shekarar da aka kawo Shari'a ce, an raba layi, maza nan, mata can. Ban kawo komai a raina ba na bi na maza. Tun hantsi nake kan benci har aka yi Azahar.

Da aka kira ni sai na tarar da namiji, wai Likita Lukuman, idanunsa jajur.

"Baba, ina ke maka ciwo?"

"Na fi ka lafiya. 'Yata nake nema, Halima Sa'adiya."

Ya ajiye biro ya yi dariya har da tari. "Ai layin maza ka bi, Baba. Ko kwana uku za ka yi, ni za ka yi ta gani."

"Allah Ya kiyaye. Me ya hana ta zuwa gida?"

"Abin da ya hana ni zuwa Kabo, ga ta nan kusa. Aikin mutum goma muke yi mu uku. Manyan sun tafi Saudiyya. Safar hannu ma sai mai jinya ya sayo. Jiya a sujada barci ya ɗauke ni."

Ya nuna min bayan ɗakin haihuwa.

Can na same ta a kan dakali, ta jingina da bango tana barci, baki buɗe, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta rame, wuyan nan kamar karan dawa. Duk faɗan da na ɗauko daga gida sai ya bi ruwa. Na zauna gefenta, na cire hulata ina kore mata ƙuda. Rabona da ganin barcinta tun tana 'yar firamare.

Ba a jima ba wata nas ta fito da sauri. Na miƙe na tare ta.

"Ba mai tashinta."

"Malam, kai wa?"

"Ubanta."

"To ubanta, ga 'yar wani can jini ya ɓalle mata. Sai ka zaɓa."

Na tsaya. Ni da ko dagaci ba ya juya ni, yau ga nas ta juya ni. Na duƙa na taɓa kafaɗar 'yata.

"Sadiya. Tashi, uwata."

Ta buɗe ido. "Baba? Lafiya? Inna fa?"

"Kowa lafiya. Je ki, ana kiranki."

"Kar ka tafi, Baba, don Allah. Yanzu zan fito."

Ta zura ɗaya takalmin ta shige da gudu. Na koma kan dakalin na zauna daidai inda ta tashi, wurin da sauran ɗuminta. Aka kira La'asar. Na san motar ƙarshe ta Gwarzo tana lodi, ban motsa ba.