Oyamel Ba Ta Son Gindin Dutse

Shekara biyu na yi ina rainon dashen bishiyar oyamel a bayan gidanmu, cikin tsaunukan Michoacán. Kullum da safe sai na bi su da ruwa, har ganyensu ya fito sirara kamar allura, kore shar.

Da damina ta kama, yayana Nabor, shugaban kwamitin dajinmu, ya shigo da mutanensa.

"Ofelia, gobe za a kwashe su. A bakin hanya za mu dasa, don baƙi masu zuwa kallon malam-buɗe-littafi su san muna aiki."

"Haba Yaya! Gindin dutse fa? Bishiyar nan ta kan tsauni ce. Sanyi take so, da gajimaren da ke sauka ya jiƙa ta. Tana ƙarama kuma, sai an bar mata inuwa."

"To, sannu malama. Wa zai hau can ya ga aikinmu? Akuya?"

Suka kwashe da dariya. Washegari suka sassabe filin tas, suka dasa a jere, suka ɗauki hoto.

Ni kuwa tun da dare na ɓoye guda talatin a bayan rumbun masara. Na ɗora wa alfadari, na yi sa'a uku ina hawan tsauni, gwiwa na ciwo, na dasa su a ƙarƙashin ƙananan itatuwa, inda ƙasa take baƙa mai danshi.

Rani ya shigo. Na bakin hanya suka fara yin ja. Na yi ta jigilar ruwa da bokiti ina zagin Nabor a zuci, amma rana ta fi ƙarfina. Kafin Mayu duk sun bushe. Na sama kuwa, shanu suka tattake wasu, sha ɗaya suka rayu.

A taron ƙauye Nabor ya miƙe ya ce, "Jama'a, irin ne ba shi da kyau."

Na tashi ni ma. "Iri ɗaya ne da wanda ke raye a sama. Taho mu hau ka gani!"

"Da wannan ƙafar tawa mai ciwo? Zauna, ƙanwata, kada ki ba mu kunya."

Aka ɗaga hannu, aka sake zaɓen bakin hanya don dashe na gaba. Tsohuwa Crisanta kaɗai ta goyi bayana, ita ma daga baya ta ce ba ta ji abin da aka tambaya ba.

Na koma gida ban kula kowa ba. Kwana uku na yi ina rantsuwa na daina. A na huɗu na ɗauko buhun iri, na fara cika jakunkunan rainon dashe da ƙasa.