Ta Hannun Malam Modu

A shekarar 1998, a duk layinmu da ke Lafiya, ni kaɗai ke da akwati a gidan waya. Duk mai jiran saƙo daga nesa da adireshina yake amfani: a rubuta sunansa, a ƙasa a sa "ta hannun Malam Modu". Talata da Juma'a nake buɗe akwatin, in zuba wasiƙun a jakar kekena, in bi gida-gida ina rabawa. Shekara goma sha biyu ina wannan hidima, ko takarda ɗaya ba ta taɓa salwanta a hannuna ba.

Aikina koyar da wasanni ne a wata sakandaren 'yan mata. Da ƙuruciya na tsare wa ƙungiyar gari raga, har aka taɓa kirana gwaji Kaduna. Na je, na dawo, ba a sake nemana ba. Burin da ya gagare ni sai na ɗora wa 'yata Zahra. Tun tana shekara bakwai nake ɗaure mata takalmi in kai ta fili, ina haɗiye maganganun dangi.

Sai Doosuur ta zo. 'Yar Akaa ce, wani manomin doya ɗan ƙabilar Tibi daga Agyaragu, tana zaune a layinmu wajen gwaggonta. Ranar da ta fara shiga fili ko takalmi babu a ƙafarta, amma ƙwallo na bin ƙafarta ta hagu kamar yadda ɗan akuya ke bin uwarsa. Abin da na shekara goma ina koya wa Zahra, ita da shi aka haife ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Zahra ba ta ganin laifin hakan. Takan rugo ta ce, "Baba, ka ga yadda ta yanke su kuwa?" In ce na gani.

Da masu zaɓen 'yan wasan ƙasa suka zo Jos, ni na kai su su biyu. A takardar kowacce na rubuta lambar akwatina. Aka ce wadda aka ɗauka za a aiko mata da wasiƙa.

Wata Talata cikin watan Agusta wasiƙar ta iso. Ambulan ɗaya ne, da sunan Doosuur Akaa. Sau biyu na zura hannu ina lalube har ƙarshen akwatin. A ƙarƙashin mangwaron da ke bakin gidan waya na yi abin da ban taɓa yi ba: na buɗe saƙon da ba nawa ba. An ce ta hallara a sansanin horo da ke Legas kafin ashirin ga wata, da wasiƙar a hannunta.

Ban ce zan ɓoye ba. Cewa na yi a raina, bari in jira Juma'a, ta Zahra na hanya, sai in kai musu tare su yi murna tare. Juma'a ta zo babu komai. Na ce to, Talata.

Kullum na dawo daga gidan waya, Doosuur na tsaye a ƙofar gwaggonta.

"Koci, leta na ya zo?"

"Ba ta zo ba tukuna."

"Anya ba wannan tsohon keke naka ba ne? Kafin ya iso gida, leta ya gaji ya sauka a hanya!"

Ta yi dariya, ni ma na yi. Ranar kasuwa Akaa ya aje mini doya biyar a zaure, ya ce, "Malam Modu, ka ci ka ƙara ƙarfin taka keke, yarinya ba ta cin abinci saboda jira." Aka dafa doyar a gidana, na ci.

Ashirin ga wata ta wuce. Daga nan mayar da wasiƙar ya zama tonon asirin kaina, sai na cusa ta cikin jakar da nake aje takardun shaidar karatuna. Doosuur ta daina tambaya. Da ta gama makaranta ta koma Agyaragu, ta shekara biyu tana tada kunyar doya tare da mahaifinta.

Rabo ba ya jin rarrashi, ba ya kuma jin mugunta. Wani mai horarwa daga kudu, Oliver, ya gan ta a wasan Kirsimeti a garin Obi, ya tafi da ita kulob ɗinsa. Cikin shekara ɗaya ta sa rigar ƙasa, kore da fari. A 2003 wata ƙungiya a Norway ta ɗauke ta. Ita kuwa Zahra ta rataye takalminta da kanta, ta shiga karatun jinya. Da na yi mata ƙorafi ta ce, "Baba, ni fa don kai nake bugawa."

Duk wasan da Doosuur ta buga wa ƙasa, ina gidan kallo, a bencin baya. In ta ci, sai ɗakin ya kaure da ihu, "'Yar Lafiya ce! Tamu ce!" Ni ma ina tafawa. Wata rana a rediyo aka tambaye ta wa ya gano ta. Ta ce, "Koci Oliver, shi ya ɗauko ni daga gona." Na kashe rediyon. Mutumin da ya tsinci abin da na yar, shi nake jin haushi, kamar sata ya yi mini.

Na faɗa a teburin mai shayi cewa ni na fara horar da ita. Iorfa, mai facin taya na bakin tasha, ya ce, "Ka horar da ita, amma wani ne ya fitar da ita daga gona. Malam, mai shuka daban, mai girbi daban." Aka kwashe da dariya. Ni kaɗai na san iya gaskiyar da ke cikin maganarsa.

A watan Disamba na 2009 ta dawo gida ɗungurungum, bayan an yi mata aiki a gwiwa. Da hantsi ta yi sallama a ƙofata, ita da Akaa wanda ya soma dogara sanda. Zahra ma na gida. Doosuur ta durƙusa ta gaishe ni duk da ciwon gwiwar, ta miƙo mini rigar ƙungiyarta mai lamba goma sha ɗaya.

"Koci, makarantar ƙwallo zan buɗe wa yara mata, a hanyar Adogi. Kai nake so ka riƙe. Kulob ɗina sun ce duk shekara za su gayyaci yara biyu gwaji. Amma ka san Turawa, waya ba ta ishe su ba, sai takarda da hatimi. Akwatinka yana nan?"

"Yana nan."

"Shi ke nan. Ni abu ɗaya na sani a garin nan: in an ce ta hannun Malam Modu, ya iso."

Abin da na yi shekaru ina ƙishinsa ke nan: fili nawa, suna nawa. Kalma ɗaya ta rage in furta. Amma na hango wata yarinya tsaye a bakin ƙofa tana tambayata ko wasiƙarta ta zo, kuma ban iya rantse wa kaina cewa zuciyar nan ta canza ba.

Na shiga ɗaki, na ɗauko ambulan ɗin, na miƙa mata. Takardar ta yi ja saboda daɗewa. Ta karanta har ƙasa, ta koma sama ta duba kwanan wata. Sannan ta yi wa mahaifinta bayani da yaren Tibi, a taƙaice.

"Ashe sun ɗauke ni," in ji ta. "Shekara biyu ina gona ina gaya wa kaina ban iya ba. Koci, me na yi maka?"

"Kin fi 'yata."

"Haba Baba!" in ji Zahra. "Wa bai san wannan ba? Ni na taɓa kawo maka kuka?"

Akaa ya daɗe yana kallona, ya jingina haɓarsa a kan sanda. Ya ce, "Malam Modu, doyar ta yi daɗi?"



Doosuur ta ninke wasiƙar ta sa a jakarta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Hannu kawai ta miƙo.

"Ba ni makullin akwatin."

Na kwance shi daga zoben makullin kekena. Ta karɓa, ta danƙa wa Zahra. Rigar kuwa ta bar mini ita a kan tabarma.

An buɗe makarantar a farkon daminar 2010. Oliver aka kira ya yanke ƙyalle. Ni ba a hana ni zuwa ba, ba a kuma gayyace ni ba. Da la'asar nakan jingine kekena a bayan shingen waya in yi kallo. Akwai wata doguwar yarinya da ke tsaron raga, tana da hannu, amma takan manne da turken hagu ta bar dama a buɗe. Gyaran minti biyar ne, na san yadda ake yinsa. Saurayin da ke horar da su bai lura ba har yanzu, kuma shi yaran ke kira Koci.