Birkin Ɓangaren Direba

Da innarmu ta cika shekara tamanin da ɗaya, sai ta ce ba ta son komai illa a kai ta inda aka haife ta, ta yi birgima a ƙasar wurin kamar yadda tsofaffi suke yi in ƙarfi ya fara gudunsu. Wurin yana bayan tsauni, tafiyar wuni guda daga tantinmu, ga shi abin da ya rage bai fi kwana biyar ba dusar ƙanƙara ta toshe hanyar. In ta toshe sai baɗi, ita kuwa Inna ta daina lissafi da baɗi.

Sai tsohuwar jif ɗin yayana Gombosuren ta zaɓi lokacin ta yi gardama. Ƙarfen da ke damƙe faifan birki, wanda makanikai ke kira kalifa, ya cije a tayar gaba. Shekara da shekaru yana ratsa rafi da ita, tsatsa ta cinye fistin ɗin ciki. Yaya mutum ne da bai taɓa yar da ko noti ba. Ya ce zai kwance, ya goge, ya mayar. Ni kuwa da nake zaune a Ulaanbaatar, babban birninmu, na ce ba za a sauko da uwata gangaren tsauni da birkin da aka goge da yashi ba. Na shiga kasuwa na sayo sabo fil a kwali, na hau motar haya ina hura hanci.

Na iske shi zaune a ƙasa, baƙin mai har gwiwar hannu. Ya juya sabon kalifan sau biyu, sai ya fara dariya har da tari.

"Sarantuya, me kika ce wa mai shagon?"

"Na ce na ɓangaren direba."

"Direban wa? Naku na birni da ke zama a dama, ko ni da nake hagu?"

Sai a lokacin na gane. Rabin motocin birni daga Japan aka kawo su, sitiyarinsu a dama, mai shagon kuma da su ya saba. Na dama ya ba ni. Yaya ya nuna mini ɗan notin da ake fitar da iska ta cikinsa: in aka ɗaura shi a hagu, notin zai koma ƙasa, iska ba za ta fita ba, birkin ya zama kamar taka soso. Kunya ta kama ni, har na rasa inda zan sa idona.

Sai dai shi ma dariyar tasa ba ta yi nisa ba. Da na ce ya nuna mini nasa gyaran, ya yi ta kame-kame. Ashe fistin ɗin ya rarake, robar da ke tare man birki ta yage, tun safe yake gogar abin da ba zai gyaru ba. Muka tsaya muna zargin juna, kowa da gawarsa a hannu.

Inna ta fito da butar shayin madara, ta saurare mu, ta tambaya ko hanjin na dama da na hagu ɗaya ne. Yaya ya ce ɗaya ne.

"To, ku ba tsohon jiki sabon hanji mana. Da ni ake yi wa haka, ai da ban dame ku ba."

Haka aka yi. Ya zare fistin da roba daga nawa ya zura a nasa, ni kuma na zauna ina taka birki yana fitar da iska, yana ce mini injiniyar Japan. Washegari matarsa ta yayyafa wa tayoyi madara don neman sa'ar tafiya, muka kama hanya.

Muka kai gangaren tsaunin. Birki ya kama daram. Yaya ya ce aikinsa ne, na ce kayana ne.

Da muka isa, babu komai a wurin sai ciyawa da wasu duwatsu uku. Inna ta gane su, na murhun mahaifiyarta ne. Ta ƙi a riƙe ta, ta kwanta a hankali, ta juya dama, ta juya hagu, tana dariya ciyawa duk a gashinta. Yaya ya juya baya wai yana duba taya, alhali ina ganin kafaɗunsa suna rawa. Ni ban ɓoye nawa hawayen ba.

Muna hawa tsaunin a hanyar dawowa dusar farko ta fara sauka.